Daga akwala zuwa dala miliyan 2: Abin da bidiyon wasan mota ba ya nuna maka

Ɗan'uwa, na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Tsakar dare ne a wani birni na Amurka, an tare mahaɗar titi, matasa sun yi da'ira kowa ya ɗaga waya sama, wata mota tana ta juyi a tsakiya kamar katantanwa, hayaƙin taya ya turnuƙe wurin. Daƙiƙa 20 an gama. Ka danna layik, ka tura wa abokai a WhatsApp. Kafin ka ajiye wayar TikTok ya jero maka wasu: wata tsohuwar Ford babu bonet, injinta a waje yana sheƙi, wata doguwar Chevrolet tana tafe cikinta kamar zai taɓa kwalta, can sai ta yi tsalle, sai kuma ayarin motoci ɗaruruwa sun miƙe a babbar hanya.

A wayarka duk sunansu ɗaya, wasan mota. A can kuwa ba haka abin yake ba. Masu waɗannan motoci jama'a ce daban-daban, wasunsu ko ga-maciji ba sa yi da juna, kuma doka ma ba ta yi musu kuɗin goro ba.

Dubi abin da ya faru a jihar Kalifoniya, wadda ita ce mahaifar wannan harka. Ranar 1 ga Janairun 2024 wata doka ta fara aiki, wadda ta ƙwace wa birane ikon hana matasa fita kilisa da motocinsu a tituna, ta kuma soke tsohuwar dokar da ta haramta sauke mota ƙasa sosai. Bayan wata takwas da ɗoriya, a Satumban 2024, gwamnan da ya sa wa waccan doka hannu, Gavin Newsom, ya sake sa hannu a kan wasu dokoki huɗu da suka ƙara wa 'yan sanda ƙarfin kama motocin masu tare mahaɗa suna juyi. Gwamna ɗaya, shekara ɗaya, ya buɗe wa wasu titi ya rufe wa wasu. Me ya jawo haka? Amsar tana cikin tarihin da ya kai shekara 90, kuma ina ganin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Yaran da ba su da kuɗin sabuwa

Abin da Amurkawa ke kira hot rod ba 'ya'yan masu kuɗi suka fara shi ba. A shekarun 1930 ƙasar tana cikin matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929, aiki ya yi wuya, kuɗi ya yi ƙaranci. Amma akwai abu ɗaya da ke ko'ina kamar jamfa a Jos: tsofaffin motocin Ford. Kamfanin ya ƙera samfurin Model T fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, sannan ya biyo da Model A. Yaro zai tara ɗan abin da ya samu ya sayi akwala a wurin 'yan gwangwan.

Daga nan sai aiki. Tunda ba shi da kuɗin ƙara ƙarfi da yawa, sai ya rage nauyi. Ya cire murfin tayoyi, ya cire rufi, ya cire gilas da duk abin da ba ya sa mota gudu. A 1932 Ford ya fito da injin V8 mai silinda takwas a farashin da talaka zai iya taɓawa, mai ƙarfin doki 65 kacal. Da waɗannan motoci suka fara tsufa, sai yaran suka riƙa zare injin suna sawa a ƙaramin bodi, su ƙara kafireto biyu ko uku, su gyara kan injin, su canza salansa. Ford ta 1932 har gobe ita ce sarauniya a wannan fage.

A ina za su gwada? Arewa da Los Angeles akwai hamadar Mojave, kuma a cikinta akwai busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, faƙo ne shimfiɗe iya ganinka, babu bishiya babu rami. Nan suke haɗuwa a ƙarshen mako. Da farko abin hargitsi ne, motoci da yawa su tashi lokaci guda cikin ƙura, wanda ke baya ba ya ganin gabansa, ana karo ana mutuwa. Su da kansu suka gaji. A 1937 ƙananan kulob-kulob ɗinsu suka haɗu suka kafa ƙungiyar SCTA, wadda ta kawo agogon auna gudu, da duba mota kafin ta shiga fili, da tsarin kowa ya jira layinsa. Ka riƙe wannan a ranka, domin ba gwamnati ce ta tilasta musu ba.

Lokacin da suka daina gudun 'yan sanda

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, samari suka dawo daga soja da ɗan kuɗi a aljihu da kuma ilimin walda da gyaran injin jirgi da na tanka. Harkar ta bunƙasa, ta kuma fito daga hamada ta shigo gari. Tsere a titi cikin dare ya zama ruwan dare, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suna rasa rayukansu. Jaridu suka mayar da kalmar hot rod tamkar zagi, duk yaron da ya yi haɗari da tsohuwar mota sai a laƙaba masa. Aka fara maganar dokokin da za su kashe harkar baki ɗaya.

A nan ne, a matsayina na mai karatun aikin jarida, labarin ya fi ɗaukar hankalina. A Janairun 1948 wani saurayi mai suna Robert Petersen, yana ɗan shekara 21, wato sa'anmu, ya fito da mujallar Hot Rod. Abin da ke cikinta shi ne yadda ake haɗa inji, yadda ake gyara burki, wane ne ya ƙera wace mota kuma da me ya ƙera ta. Mujallar ta nuna wa iyaye da hukuma cewa a cikin yaran nan akwai masu fasaha. Editanta Wally Parks, wanda yana cikin jagororin SCTA, shi ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 da manufa guda: a kwashe tsere daga titi a kai shi fili.

Filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Miƙaƙƙiyar kwalta ce mai tsawon mita 402, galibi tsohon titin saukar jirgi, motoci biyu su tashi tare, wadda ta riga isa ta ci. A 1950 aka buɗe irinsa a filin jirgin Santa Ana. A garin Pomona kuwa 'yan sanda da kansu suka zauna da wani kulob na samari suka nema musu wuri a filin baje kolin gundumar, kuma a nan NHRA ta yi tserenta na farko a hukumance a 1953. Masu son gudu mai tsanani kuma suka nufi filin gishiri na Bonneville a jihar Utah, inda tun 1949 ake yin makon tsere.

Ka ga yadda aka yi cinikin? Samarin sun yarda a duba motarsu, su sa hular kwano, su bi layi. Hukuma kuma ta yarda ta ba su wuri. Kowa ya rage wani abu, harkar ta rayu.

Baje koli: inda ake duba hannu

Ba kowa ne gudu ya dama ba. Akwai waɗanda su kyan mota ne a gabansu. Su ne za su ɗauki mota su yanke ginshiƙan rufinta su sauke shi ƙasa, su cire hannun ƙofa da tambarin kamfani, su shafe duk wani gaɓa da dalma har bodin ya zama kamar an zuba shi a tukunya ɗaya, sannan a bi shi da fenti hawa-hawa. 'Yan'uwa biyu, Sam da George Barris, sun yi suna a wannan aiki a Los Angeles. A farkon shekarun 1950 suka gyara wa wani matashi Ba'amurke ɗan asalin Japan, Bob Hirohata, motarsa Mercury ta 1951. A Janairun 2022 an yi gwanjon wannan mota a kan kusan dala miliyan 2. Motar da aka saya don hawa, hannun makaniki da mai fenti ya mayar da ita kayan tarihi.

Irin waɗannan motoci suna da dandalinsu. Baje kolin Grand National Roadster Show ya fara a Oakland a 1950, yanzu a Pomona ake yin sa a farkon kowace shekara, kuma kofin da ake bai wa mafi kyawun mota mai buɗaɗɗen sama ya kusa mita 3 a tsaye. A Detroit akwai Autorama tun 1953, inda tun 1964 ake ba da kyautar Ridler. Sharaɗinta mai tsauri ne: dole ya zama ranar ce aka fara nuna motar a bainar jama'a, kuma dole ta tashi ta yi tafiya da kanta. Alƙalai har ƙarƙashin mota suke leƙawa, su duba walda, su duba yadda aka ja waya, su duba tazarar ƙofa da bodi. Mutum zai shafe shekaru yana aikin da za a yanke masa hukunci a kwana uku.

To mene ne kuma hot rod na gargajiya? A shekarun 1980 harkar ta koma ta masu hannu da shuni, ana sassaƙa kayan mota da injin kwamfuta, ana kai mota wurin nuni a cikin tirela ba tare da ta taka kwalta ba. A shekarun 1990 wasu matasa suka yi tawaye, suka ce su dai za su koma yadda kakanni suka yi. Su nemo bodin asali, su sa injin da kayan zamanin da bai wuce tsakiyar shekarun 1960 ba, su haɗa da hannunsu a garejin gida, su kuma hau abarsu ko ana ruwa. Daga wannan tunani aka samu taruka irin su The Race of Gentlemen, inda ake tseren tsofaffin motoci da babura a kan yashin bakin teku a jihar New Jersey. Abin ya haura teku ma, don a Yokohama ta Japan kamfanin Mooneyes na shirya babban baje koli duk watan Disamba.

Tafiya a ayari

Kashi na uku shi ne na masu cewa mota ba kayan ado ba ce, a fito da ita ta ga hanya. Mujallar Hot Rod ta fara shirya tafiyar Power Tour a 1995. A 'yan shekarun nan tsarin shi ne garuruwa biyar cikin kwana biyar a watan Yuni, dubban motoci, kowace rana a kwana a sabon gari. Babu wanda ke cin kofin riga isa. Abin alfahari shi ne a ce ka yi tafiyar daga farko har ƙarshe da motar da ka haɗa da hannunka. Idan ta mutu a hanya, kafin ka buɗe bonet wasu sun tsaya da sifana da fulogi, mutanen da ko sunanka ba su sani ba.

A shekarar 1995 ɗin dai aka fara Woodward Dream Cruise a bayan garin Detroit, kuma asalinsa neman kuɗin gina wa yara filin ƙwallo ne a garin Ferndale. Yau, ranar Asabar ta uku ta watan Agusta, masu shirya taron na cewa mutane kimanin miliyan ɗaya da motoci kimanin 40,000 ke fitowa. Sai kuma tsohuwar hanyar Route 66, mai tsawon kusan kilomita 3,900 daga Chicago zuwa Santa Monica, wadda aka buɗe a 1926, aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasa a 1985. Ƙananan garuruwan da ke kanta da yawa sun durƙushe bayan an yi sababbin hanyoyi, kuma masu yawon buɗe ido da ayarin tsofaffin motoci na cikin abin da ke riƙe da gidajen abinci da masaukansu. A 2026 hanyar ke cika shekara 100.

Wannan shi ne sirrin da ya sa magadan gari ke maraba da ayari. Mutum dubu idan suka sauka a gari za su sha mai, su ci abinci, su kama ɗaki. An san ranar zuwansu, an san hanyar da za su bi, an san wanda za a kama idan wani abu ya lalace.

Waɗanda aka bari a baya

Kada ka ɗauka labarin duk zuma ne. Cinikin da aka yi da samarin hot rod a shekarun 1950, waɗanda galibinsu fararen fata ne, ba a yi shi da kowa ba. A unguwannin 'yan asalin Meziko na gabashin Los Angeles, matasa sun ƙirƙiro nasu salon da ake kira lowrider, ni kuwa ina ce mata mai jan ciki. Su ba ruwansu da gudu. A sauke mota ƙasa, a yi mata zane da fenti mai walƙiya, a zuba iyali a ciki, a bi titin Whittier a hankali da yammacin Lahadi ana gaisawa da jama'a. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma su ne doka ta fi taka wa wuya. A ƙarshen shekarun 1950 Kalifoniya ta haramta tuƙa motar da aka sauke har wani sashe nata ya yi ƙasa da bakin ƙarfen taya. Sai samarin suka yi dabara. Suka samo famfunan haidirolik daga tarkacen jiragen sama, irin tsarin da ke ɗaga bodin tifa, suka ɗaura wa motocinsu. In an hango ɗan sanda a danna maɓalli mota ta tashi, in ya wuce ta koma ƙasa. Wallahi tsallen nan da kake gani a bidiyo kana dariya, asalinsa dabarar kauce wa tara ce. A shekarun 1980 kuma jihar ta bai wa birane ikon hana kilisar mota, aka kakkafa alluna a tituna, wanda ya zagaya wuri ɗaya fiye da ƙima sai a tare shi. Hukumomi sun ce cunkoso da faɗan daba suke yaƙa. Masu motocin kuma suna ganin launin fatarsu da unguwarsu ake hukuntawa.

Ta yaya suka yi nasara? Kulob-kulob ɗinsu suka haɗa kai. Suka riƙa tara wa yara kayan wasa da kayan makaranta, suna halartar zaman majalisun birane, suna magana da 'yan jarida. San Jose da Sacramento suka janye haramcin a 2022, National City ta bi a 2023. Wani ɗan majalisa daga San Diego, David Alvarez, ya kai ƙudurin majalisar jiha, aka sa masa hannu a Oktoban 2023. Sama da shekara 60 suka yi suna jira. Tsari ya yi musu rana, amma gaskiya ita ce an sa su jiran da ba a sa wasu ba.

'Yan ƙwace titi

Yanzu mu dawo kan bidiyon farko. Wannan salo na tare mahaɗa ya samo asali ne a Oakland a shekarun 1980, kuma da farko shi ma haɗuwa ce ta nuna mota a filin ajiye motoci na kasuwa. Da aka kore su daga can sai suka koma titi, abin ya rikiɗe. Lokacin korona a 2020, da tituna suka yi fayau, ya bazu zuwa birane da dama. A Yulin 2022 Los Angeles ta buɗe sabuwar gadar Sixth Street da ta ci sama da dala miliyan 500, amma cikin makonnin farko 'yan sanda suka rufe ta dare da dama saboda masu juyi da mota da masu hawa kan bakunanta don ɗaukar hoto. An rasa rayuka a irin waɗannan taruka, kuma sau da yawa ɗan kallo ne mota ke kwashewa. Shi ya sa a wasu birane tsayawa kallo kaɗai laifi ne.

Bambancin a fili yake. A filin tsere, wanda ya shiga mota ya san haɗarin da ya ɗauka, akwai shinge tsakaninsa da 'yan kallo, akwai motar asibiti a gefe. A mahaɗa kuwa, matar da ke hanyar asibiti da ma'aikacin da ya taso daga aikin dare ba wanda ya nemi izininsu. Sannan abin da ake nema ya canza. Yaron 1948 yana son a tambaye shi yadda ya haɗa injinsa. Na yau bidiyo yake nema, kuma manhajar ba ta san wahalar wata shida a gareji ba, hayaƙi da ihu take turawa gaba. Duk wanda ya tsaya a da'irar nan da waya, da ni da kai da muke turawa, muna cikin masu biyan direban ladansa.

Sai dai tsakani da Allah, masu cewa a kai su fili su ma suna da tambayar da za su amsa: wane filin? Filayen tsere na ta rufewa a kudancin Kalifoniya saboda ƙasa ta yi tsada kuma maƙwabta na ƙorafin ƙara. Filin Irwindale, wanda matasan Los Angeles suka daɗe suna zuwa, an rufe shi a Disambar 2024. Harkar da yaran talakawa suka fara kuma ta yi tsadar da sai dattawa masu kuɗi, don Ford ta 1932 ta asali ta fi ƙarfin ɗalibi nesa ba kusa ba. Ga batun hayaƙi: a Kalifoniya an yafe wa motocin 1975 zuwa baya gwajin hayaƙi, kuma ƙudurin da ɗan wasan barkwanci Jay Leno ya mara wa baya don a sassauta wa waɗanda suka biyo baya ya maƙale a majalisa a 2025. Idan aka tsananta hukunci alhali ƙofar halal tana ƙara ƙuntata, to an yi rabin aiki ne.

Mu fa?

Ba sai na gaya maka muna da namu ba. Rakiyar amarya, ranar gama jarrabawar ƙarshe, yammacin sallah, ko'ina za ka ji ƙarar taya. Ni ganau ne. Ranar da 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawa a makarantarmu, wani ya aro motar yayansa yana juyi a bakin ƙofa, muna ta ihu muna ɗauka. Motar ta ƙwace masa ta daki wani bawan Allah mai sayar da rake, ƙafarsa ta karye. Bidiyon juyin ya zagaya wayoyinmu a daren. Ban ga wanda ya ɗauki bidiyon mutumin a gadon asibiti ba, kuma ni ma ban je duba shi ba. Har yau abin na damuna.

Abin mamaki, mun riga mun san wannan bambanci tun kafin mota ta zo. Hawan sallah yana da rana, yana da hanya, yana da jagora, kuma ana kallon adon doki da ƙwarewar mahayi. Kilisar da yara ke yi a guje cikin cunkoso kuwa, 'yan sandan Kano sun sha sanar da hana ta. Dokin dai ɗaya ne.

Hannu ma muna da shi. Je ka Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ga yadda ake tayar da motar da a wata ƙasa an daɗe da jefarwa. Abin da yaran Kalifoniya suka yi da Ford, makanikanmu na yin irinsa kullum da tsofaffin Peugeot da Golf, sai dai su neman abinci suke yi, mu kuma ba ma ɗaukar su a bakin komai. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, daga son zanen mota ya kai Detroit, ya yi aiki a General Motors, ya zana Chevrolet Volt, ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020 ma an yi ayarin motoci daga Abuja zuwa Argungu. Na san tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023 da matsalar tsaro a hanyoyi sun sa irin wannan tafiya ta yi wuya yanzu, amma an taɓa yi.

Don haka, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, in har son mota ne ya kama ku da gaske, ga inda zan ce a fara. Ku haɗu ku goma ku yi kulob mai suna da shugaba da doka, doka ta farko kuma ita ce babu wasa a titin jama'a, wanda ya karya a kore shi. Ku nemi wani ƙwararren makaniki ku riƙa zuwa garejinsa ranar Asabar, ku haɗa kuɗi ku sayi akwala ɗaya ku tayar da ita tare. Mai waya ya ɗauki aikin tun daga ranar da aka jawo ta har ranar da ta tashi, ya sa sunan mai walda da mai fenti a bidiyon. Idan kun yi shekara ba a ji ku da laifi ba, ku rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar kiyaye haɗurra takarda, ku nemi fili da rana. Wataƙila a ƙi ku a karon farko. Masu jan ciki ma an ƙi su shekara da shekaru.

Kafin nan, akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. In ka ji ƙarar taya a unguwa an fara taruwa, kada ka shiga da'irar, kuma in bidiyon ya zo wayarka kada ka tura. Mai rake na nan a kowace mahaɗa, kuma wata rana zai iya zama babanka ko ƙaninka.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.